Wurin da Mayafin Ya Zame

Da sunan Allah nake farawa. Ni mahaifinku ne ke rubuta muku wasiyyar nan da hannuna, hankalina garau, ƙafafu ne kawai suka ƙi.

Na ɗaya: kyamarata ta Auta ce. Ita kaɗai ce ba ta taɓa gyangyaɗi a gaban fim ɗina ba.

Na biyu: fim ɗin gidan gilashi ya zauna a hannun Babban Yaya. Baffanku, ƙanena, shi ya zana gidan nan, bango gilashi, rufi gilashi, wai in mutane suna ganin juna, ƙarya da gulma za su mutu. Muka tare a ciki. Gulma ba ta mutu ba, mu ne dai muka kusa dahuwa. Ni kuma na tsaya a waje ina ɗauka, ba labari, ba magana, sai haske yana tafiya a bango, kuna girma.

Mai ɗaukar gilashi dole ya lulluɓa da baƙin mayafi, in ba haka ba hotonsa ya fito a ciki. Haka na yi shekaru a lulluɓe. Shi kuwa yana ciki, fes da shi, yana saɓa ku a kafaɗa, yana ɗaura muku takalmi. Duk inda aka nuna fim ɗin sai a ce masa Allah ya raya masa yaran nan, kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Kishi nake yi, ba na ɓoyewa, ya fi ciwon ƙafar nan cina.

Na uku: ranar da Auta ta fara tafiya, iska ta zame mayafin. Fuskata ta fito a gilashin, dishi-dishi, baki buɗe kamar wawa. Baffanku ya daɗe yana cewa wurin ya ɓata masa tsabtar gini, a yanke shi. Ko da kuka ya zo muku, kada ku yanke.

Na huɗu: ku daina gaba da 'ya'yansa saboda ni, rigimata ba ta cikin gado. Shi ma ku riƙa gaishe shi. Ya riƙe ku tsakani da Allah, shi ya sa ma abin ke yi mini zafi.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku. Ku riƙa taruwa kuna kallon fim ɗin, har da shi a zaune. In an zo wurin, Babban Yaya, ka tsayar, ka sa yatsa a kai, ka faɗa wa jikokina wannan ne ubanku.