An Auna Rijiyarmu da Damina

Zuwa ga ƙanena Sule a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinka, yaya Hajara da yara, yaya zaman baƙunta? Mu nan Burumburum lafiya, sai tsufa.

Ka tuna rijiyar simintin da na tsaya aka gina ina aikin ofis, ranar da ka fara jefa guga Inna ta rangaɗa guɗa? Bakin rijiyar ya rufta. An turo wani malami daga birni ya auna amfaninta kafin a gyara. Sule, da tsakiyar damina ya zo! Ya wuni gindin tsamiya yana ƙirga masu ɗiba, ya samu uku.

Na ce, "Malam, yanzu kowace randa cike take da ruwan indararo. Ka dawo da bazara, ka ga layin shanu daga nan har bakin kasuwa."

Ya ce, "Baba, takardar ba ta da gurbin bazara."

Ya rubuta rijiyar ba ta da amfani. Ni ma a da haka na riƙa cike takardun garuruwan mutane, ana yabon kyan rubutuna.

Ka gaida Hajara. Ku sa mu a addu'a kafin rafi ya ƙafe.

Yayanka,
Isa