Littafin da Kika Aiko da Goshin Auta

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a aikinku. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zagayen maƙwabta, faɗa ma ya dawo sabo. Shagon aski kuma sai godiya.

Yaya, ƙara na kawo, kuma ke ce ake ƙara. Kin tuna littafin da kika aiko wa 'yarki Malama, babbar tawa? Wanda ruwa ya ƙare a duniya, shugabanni suke tara yaran unguwanni su yi ta faɗa, wanda ya rage a buɗe wa unguwarsu famfo. Ta karance shi, ba wanda ya ji kanta. Sai wani da nake yi wa aski ya kawo fim ɗinsa, muka sa a talabijin ɗin shago ranar Asabar. Yaran layi suka cika benci da bakin ƙofa, ana ta tafi.

Washegari suka mayar da shi wasa a kan famfon bayan shago, da sanduna da murafen tukwane. Dogo, ɗan mai walda, ya sauke wa Autanmu sanda a goshi, sai da aka ɗinke a asibiti. Kada hankalinki ya tashi, ya warke. Da aka cire filasta ma kuka ya yi, wai an rage masa kwarjini.

Uwar yara dai ta ɗauki littafin ta nufi murhu. Malama ta tare ƙofa, ta ce ai Auta da Dogo ba wanda ya taɓa buɗe shi. Ta ce a fim an sa kiɗa da kaya masu kyau, duka ya zama abin sha'awa, amma a littafi yaron da ake ba da labarinsa amai yake yi, kuma ya san sunan duk wanda ya doka. Ta ƙara da cewa mu da muka yi tafi a shago ba mu da bambanci da 'yan kallon cikin labarin. Ni da na fi kowa tafi, sai na shiga goge almakashin da ba datti.

Inna ce ta raba gardama. Ta ce tunda sun gani da ido, su ji da kunne. Aka koma kullum bayan makaranta Malama na zama a kujerar aski tana karantawa, yara a ƙasa. Manya ma suka maƙale. Mai gyaran babur da nake cikin yi wa aski ya hana ni kunna inji don kada ƙara ta dame shi, ya zauna da rabin kai har aka gama babi.

Jiya aka kai ƙarshe. A fim, yaron ya koma gida ana masa kiɗa. A littafi kuwa, uwarsa ta miƙo masa kofin ruwa, ya riƙe, ya kasa sha. Dogo, da tun ranar bai yarda sun haɗa ido da Auta ba, ya matsa kusa da shi, ya tambaya a hankali ko yaron ya sha daga baya. Malama ta ce ita ma ba ta sani ba, sai a littafi na biyu.

Saboda haka hukuncinki, Yaya, ki aiko mana na biyun. Layi guda ke jira, har da uwarsu, ko da yake ta ce kada in faɗa miki.

Ki gaida maigida, da Kawu idan kun haɗu, da 'Yan Biyu. Inna da uwar yara suna gaishe ki ƙwarai.

Ƙaninki,
Mai aski