Soson Jitar Dogo

Amaryata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da uwarki da aikin kantin magani. Tela maƙwabcina ne ke riƙe da biro, ni ke magana. Na gaya masa in ya gyara mini kalma ɗaya ban yafe ba. Kada ki ce don me ban buga waya ba. Kunne ya yi nauyi, muryarki a waya kamar sauro ne a cikin tulu.

Uwarki ta kawo mini ƙararki, wai kin koma kaɗa jitar nan mai kaurin murya da kuke ce wa bes, kina jingina katifa a ƙofa, kina bin waƙoƙin mutane kina naɗa. Ita da ɓacin rai ta faɗa. Ni kuwa sai da na nemi wurin zama.

Direban da ya kawo takardar nan zai ba ki doguwar jaka. Jitar ƙanena Dogo ce, wanda ya rasu tun uwarki tana goye. Akwai kaset a aljihun jakar, shi kaɗai ne abin da ƙungiyarsu ta makaɗa ta bari. Da ƙaramin rikoda aka ɗauka daga bayan zaure: ana jin mawaƙi, ana jin ganga, har tarin wani ana ji, amma kiɗan Dogo babu shi. Kiɗansa yana kaina. Ni kafinta ne, ni na haɗa akwatin lasifikarsa, kuma ni nake zama a kai in suna wasa, don kada ya yi ta tafiya a kan siminti. Duk waɗanda suka ji shi sun riga mu gidan gaskiya.

Na rera kiɗan da baki a wayar tela, sau biyu, ya tura miki. Ki koya, ki ɗora a kan kaset ɗin. Sadakinki ke nan, ba ni da wani.

Angonki, tsoho mai ran ƙarfe.

*

Angona Kaka,

Na gaishe ka da kyau, na gaida tela da haƙuri. Jita ta iso. Wai, nauyi! Ashe ƙanenka ƙato ne, wuyanta ya kusa fin hannuna. Sadakin dai na karɓa, amma ka sani ni 'yar koyo ce, yatsuna har yanzu kanta suke yi.

Ranar hutuna na zauna mata. Na goge ta tas, na cire tsofaffin tsirkiyoyin da suka yi tsatsa na sa sababbi, na tsince dattin da ya maƙale a ƙarƙashinsu, har da wani ruɓaɓɓen soso. Na juye kaset ɗin a kwamfuta, na bi muryarka a hankali. Na yi ta ɗauka ina gogewa, in ba kukan jaririn maƙwabta ba, sai Mama ta buɗe ƙofa tana neman tsintsiya. Na tura wa tela abin da ya samu. Kada ka saurara a waya, lasifikarta ba ta fitar da bes. Ka nemi babba.

Amaryarka mai ladabi, wani lokaci.

*

Yarinya,

Ina gaisuwa, don gaisuwa wajibi ce.

Ban bi maganarki ba, na kara wayar a kunne, na ji mawaƙi da ganga da tarin nan, na ce kin turo mini abin da na tura miki. Na yi faɗa har tela ya soke yatsa da allura. Daga baya ya ja ni shagon mai gyaran rediyo, aka jona a wata babbar lasifika. Na hau na zauna a kai. Mai shagon ya ce, Baba ba kujera ba ce. Na ce ɗana, kafin a haifi ubanka nake zama a kan irinta.

Hanyar kiɗan kin bi ta. Amma ba Dogo ba ne. Naki yana ta amo kamar an jefar da faranti, kowane bugu yana jan jela. Na Dogo gajere ne, dum, ya mutu, kamar ka buga ƙirji da tafin hannu. Sai da tela ya sake karanta mini takardarki na gane.

Soson nan ba datti ba ne. Dogo ne ya yanko shi daga katifar da muke kwana a kai tun muna yara, ya cusa a ƙarƙashin tsirkiyoyi don ya kashe amon. Uwarmu ta bi shi da muciya a kan ramin da ya bari. Tsirkiyoyin kuwa bai taɓa canza su ba, yana cewa gumin hannu ne ke nuna su.

Ki duba kwandon shara. Ki duba bayan gado. Ki tambayi uwarki. Ba faɗa nake ba, roƙo nake. Laifina ne ma da na ɗauka kowa ya san abin da na sani.

Kakanki.

*

Kaka,

Ina gaishe ka, kaina a ƙasa. Na zazzage ɗakin nan kaf. Motar shara ta riga ni. Tsirkiyoyin ma na haɗa da su. Na yi kuka, Mama ta ce a kan soso?

Na yanko gefen katifata na cusa. Amon ya mutu kamar yadda ka ce, ko da yake ban san ko irin mutuwar da kake nufi ba ce. Sababbin tsirkiyoyi kuma sai sun sha hannu, ba yadda zan yi in tsufar da su.

Akwai tambayar da na ɓoye tun farko don kada in ɓata maka rai. A wurin da mawaƙi ya yi shiru ya bar ganga, rerawarka ta farko hawa ta yi, ta biyu kuma ta sauka. A wancan karon ta farko na bi. Yanzu na naɗa duka biyun na tura. Wanne ne na Dogo? Kai kaɗai za ka faɗa.

Ka yafe wa amaryarka mai ɓarna.

*

Amaryata,

Na gaishe ki. Soso ya wuce, na yafe, uwarki ma ta yafe miki katifa.

Kullum da hantsi ina shagon mai rediyo, har ya daina yi mini maganar kujera. Na zauna a kan lasifika aka kunna mai hawa, ƙashina ya ce shi ne. Aka kunna mai sauka, ya ce shi ne. Jiya na dawo gida na rufe ido in nemo na Dogo in gwada su da shi. Naki na tarar a wurin. Na yi ta lalube, Amarya, naki kawai nake ji.

Ki zaɓi ɗaya, ki goge ɗayan. In kin zo hutu ki kunna mini, ki ce haka Dogo ya kaɗa. Ba zan yi gardama ba. Tela ya ɗago kai yana kallona, na ce rubuta, haka na faɗa.

Allah ya yi miki albarka.

Kakanki.