Ɓawon Kifinki a Ƙarƙashin Kujera

Zuwa ga Hajara, uwar Zainabu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na ɗauki alƙalami ne don in ba ki labarin motarki. Na san da kina nan, ita za ki fara tambaya kafin ki tambayi lafiyata.

Tun da kika rasu take ajiye a gindin darbejiyar gida. Da na je tayar da ita sai ta ƙi, fitilun gargaɗi kawai ke ci. Yayanki Umaru ya ce irin waɗannan motoci masu inji da babban batir, in batirin ya mutu an gama. Har ya yi magana da wani daga tsallaken iyaka, zai zo ranar kasuwa ya farke ta ya kwashe kayan. 'Yarmu Zainabu kuwa ta kafe sai ta ci gaba da sana'arki ta kifi, kuma da motar nan. Na roƙi Yaya ya ɗaga mini ƙafa. Ni da nake gyaran wayoyin motocin mutanen Bagudo, kunya ce a yanka taki ina kallo.

Na jona mata kwamfuta. Ba ta ce batir ya mutu ba, Hajo. Cewa ta yi ƙwaƙwalwar mota ba ta jin ɗuriyar ƙaramin akwatin da ke lura da babban batir. Shi ke sanar da ita caji da zafi, in ya yi shiru ba za ta yarda ta tashi ba. Nan na ji sanyi a raina.

Na fara da ƙaramin batir na yi masa caji, na duba fiyus, duk lafiya. Sai na sa safar roba, na zare jan filogin da ke katse babbar wuta, na jira kamar yadda ya kamata, sannan na ɗaga kujerar baya. Akwai wayoyi biyu a murɗe kamar igiya, su ke kai saƙo. Na bi su da mita har bakin soket, na same shi ya yi kore shar da tsatsa.

Kin san abin da na tarar a kewayensa? Ɓawon kifi, busasshe, ya manne ko'ina.

Sau nawa na hana ki ɗora kwandon ɗanyen kifi a kujerar nan in kin taso daga bakin kogi? Na ce ruwan zai tsiyaya, ki sa a but ɗin baya, wurin kaya. Sai ki harare ni ki ce, "Malam, kihi ya sawo motag ga, bari shi zamna baya kamar Alhaji." Ga shi Alhajin naki ya jiƙa mini soket. Na zauna a ƙasa ina dariya ni kaɗai, ban san lokacin da ta koma kuka ba. Na yi kewarki ƙwarai, har da taurin kanki.

Na canza soket ɗin, na naɗe wayoyin, na mayar da filogi. Da na danna maɓalli sai koren rubutu ya fito, ta tashi shiru kamar yadda ta saba. Ɓawon dai na tattara shi a ƙullin leda, na kasa zubarwa.

Yaya Umaru ya zo ya leƙa bayan motar. Daga baya na ji shi a waya yana ba mutumin nan na tsallaken iyaka haƙuri.

Yau da safe Zainabu ta fita da motar zuwa garin Tsamiya. Kujerar direba tana nan yadda kika bar ta, a matse gaba saboda gajerun ƙafafunki, duk aikin nan a takure na yi shi don kada in gusar da ita. Kafin ta tafi na tsaya in nuna wa yarinyar yadda ake gyara ta. Ta zauna, ta miƙa ƙafa, ta ce daidai take.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya yafe miki, Ya tsare mana Zainabu a hanya, Ya haɗa mu a Aljanna.

Naki har kullum,
Malam