Na Fasa Injin Motar Baba, Shi Kuwa Kukanta Yake Jira

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu, ina gaishe ku da fatan alheri. Don Allah a sakaya sunana. Kuma kafin ku soma zagina ku daure ku kai ƙarshe, don duk abin da za ku ce mini na riga na ce wa kaina, har da ƙari.

Ni mutumin Filingue ne, mushen lakwal, wato malamin makaranta, shekaruna sun haura arba'in. Babana tsohon soja ne, tuƙi ya yi zamanin mulkin soja. A lokacin ne ya sayi wata tsohuwar motar Amurka a Yamai, hannun wani bature mai aikin rijiyoyi da zai koma ƙasarsu. Baƙa ce wuluk, ƙofa biyu, hanci zanƙalele, injinta silinda takwas. Ran da ya shigo da ita gari, goggona mai bori ta riƙe baki ta ce wannan ai Doguwa ce, sunan kuwa ya bi ta. In ta taso daga hanyar Baleyara, tun ba a hango ta ba ake jin rurinta, mu bar wasa mu ruga bakin hanya. Da Baba ya yi ritaya shan man da take yi ya gagare shi, ya tura ta rumfar bayan gida, kaji suka mai da ta akurki shekara da shekaru.

Shekara uku ke nan idon Baba ya tafi, ko hasken rana ba ya gani. Ni kuma uban 'yan karambani, na riƙa kallon bidiyo a waya, turawa suna jawo irin waɗannan motoci daga juji su tashe su a garejin gida, suna dariya, ko gumi babu. Na ce to ni me ya rage ni? Na je na durƙusa na ce, "Baba, zan tashi Doguwa." Ya ce, "Kai ɗan nan, da gaske kake?" Na ce wallahi. Ya yi dariyar da rabona da jin ta tun kafin rasuwar Inna, ya ce, "To ran da ta tashi kada ka gaya mini. Ni zan gaya maka, daga ɗaka zan ji ta."

Na kori kaji, na share rumfa, na shimfiɗa buhuna na soma kwance-kwance. Nan na san kallon kitse na yi wa rogo. Injin ya ƙame ƙam, ko motsi ba ya yi. Ga wata masifa da bidiyo bai gaya mini ba: duk kilen kwance noti da ke Filingue awon Faransa ne, notocin Amurka kuwa awonsu daban. Ka sa sha biyu ta ƙi shiga, ka sa sha uku ta riƙa zamewa tana cinye kan noti. Wace irin ƙasa ce za ta ƙi awon da duniya ke aiki da shi? Na yanke yatsu, na ɓata riguna, na yi zagin da bai kamaci mai koyar da 'ya'yan mutane ba. Na ɗauko wani dattijon makaniki da ya san Baba tun da, ya leƙa ya ce, "Mushe, ƙarfe ba a yi masa gaggawa. Zuba mai cikin silinda ka bar shi ya jiƙa wata guda, ka kuma aika Yamai a nemo maka kile irin nata." Na ce to. A raina kuwa cewa na yi, wata guda? Ga Baba kullum bayan la'asar sai ya sa an ja masa kujera bakin rumfa yana tambaya, "Ina aka kwana?"

Kwana tara na iya jira. Ran na goma, da hantsi, na tuna yadda maƙera ke sassauta ƙarfe da wuta. Na tara gawayi na hura a jikin injin har ya yi zafin da ba a kusantarsa, na bi shi da guduma, na daka, na daka, noti ɗaya bai motsa ba. Haushi ya rufe mini ido, na ɗebo ruwan randa mai sanyi guga guda na sheƙa masa. Sai na ji ƙas! Ƙara ɗaya tak. Da tururi ya lafa na ga tsaga tun daga sama har ƙasa, yatsana na shiga. Daga tsakar gida Baba ya ɗaga murya, "Mi ne ne wancan?" Na ce, "Guduma ce ta faɗi, Baba." Ƙaryar farko ke nan, kuma ko numfashi ban ja ba ta fito.

Makanikin ya zo ya duba, ya cire hula ya sosa kai ya ce, "Mushe, ka kashe ta. Wannan ko Yamai ba mai ɗinke shi." Na ce a nemo wani. Ya ce, "A ina? Irinsa nawa ka taɓa gani ƙasar nan?" Me ya kamata in yi a ranar? In je in durƙusa in faɗi gaskiya, ko ba haka ba? Ban yi ba. Kunya ta hana ni, kuma ganin injin a rumfa ya zame mini kamar gawa a ɗaki. Ran kasuwa, Baba na barcin rana, na kira masu sayen tsohon ƙarfe suka ɗora shi a amalanke, ko ciniki ban tsaya yi ba. Fistocin injin kuma, da yake na alminiyom ne, masu zubin tukwane suka kwashe. Watakila yanzu haka wata na tuƙa tuwo a cikinsu.

Daga nan ƙarya ta riƙa haihuwar ƙarya. Na ce wa Baba za a kai Doguwa fenti, aka ja ta zuwa garejin makanikin. Muka samo injin gazuwal, wato dizal, na wata motar haya mai zuwa Sanam da ta yi hatsari, aka yanka nan aka yi walda can har ya zauna. Muka tayar. Jama'a, sai da na toshe kunne! Kar-kar-kar, sak injin niƙan hatsi. Makanikin ya ce, "Tafiya dai za ta yi, amma tsohon nan ko cikin kabari ya ji wannan ya san ba ita ba ce." Aka yi mata fenti, aka ɗinke kujeru, ta fito tana sheƙi, duk wanda ya gani sai ya ce masha Allah. Ni kuwa turo ta na sa aka yi har gida, don kada ta yi ko tari a unguwarmu.

Wata biyu ke nan tana rumfa, ni da makulli a aljihu ina ƙirƙiro dalili. Yau batir, gobe buji, jibi wani abin da na ce sai an kawo daga Yamai. Rannan ya ɗaga hanci ya ce, "Wa ya kawo gazuwal gidan nan?" Na ce wankin ƙarafa nake da shi. Ya ce, "Madalla, haka muke yi a bariki." Ya yaba mini a kan ƙarya! Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Ina jin haushin kaina, ina jin haushin turawan bidiyo, har shi Baban wani lokaci nakan ji haushinsa, Allah ya yafe mini, don me mutum zai rasa ido amma kunne da hanci su ƙara kaifi haka?

Abin da ya sa na rubuto shi ne jikin Baba ya soma ƙi. Abinci sai an lallashe shi, masallaci ma ya daina zuwa. Yau bayan la'asar na zauna kusa da shi, ya lalubo hannuna ya bi tabon yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ka wahala, ɗan nan. In ta ƙiya ka bar ta, ba laifinka ba ne, tsufa ta yi kamar ni. Na haƙura da jin kukanta. Abu guda nika so: gobe ka kama ni ka kai ni, ka buɗe mini gabanta in ɗora hannu bisa injin nan. Shekara nawa ina shafa shi, in yi masa ban kwana."

Na ce to, Baba. Me kuma zan ce? Hannun nan nasa ya san kowane noti da ke jikin injin da na fasa, taɓawa ɗaya zai gane. In na faɗa masa gaskiya, ina tsoron in ƙarasa shi da baƙin ciki. In na sake kawo wani dalili, ina tsoron ya tafi yana sa wa maƙaryaci albarka. Tun ɗazu ya sa aka fito masa da farar rigarsa ta Juma'a, ya ce ita zai sa gobe.

Don girman Allah, ku da kuka fi ni hankali, me zan yi?