Kaskon da Ya Ɓantale

Laraba da dare, Bagwai

Yau ina wanke kaskon da 'yata Hadiza ta kawo mini daga Kano, mai farin shafen nan da abinci ba ya kamawa, sai na ga cikinsa duk ya ɓantale. Shekara biyu a ciki nake yi wa maigidana tuya, ga shi wata huɗu ciwon ciki ya kwantar da shi.

Na kai wa ma'aikacin asibitinmu. Ya jujjuya shi, ya ce, "Inna, an ce irinsa ba ya cutarwa, amma ban san wa ya ƙera naki ba."

To, wa zan tambaya? Abin da maigidana ya ci ya riga ya ci. Ɗazu ya ce girkina kaɗai cikinsa ke karɓa. Na kasa haɗa ido da shi.