Sa Hannun Dakta Pruitt

Cedar Ferry, Alabama
Janairu

Ƙawata Corliss,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da sanyin Colorado. Alton yana gaishe ki. Ya shiga zagaye na biyu na maganin ciwon dajin nan, ya rame sosai, amma bakin tsokanarsa yana nan yadda kika san shi.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa da biro kamar zamanin kakanninmu. Asibiti ne ke biyan kuɗin wayata, kuma Misis Pruitt, matar likitanmu, ita ke riƙe da ofis. Ban ce tana karanta saƙonnin mutane ba, amma ba zan gwada ba.

An ɗauko mana sabuwar yarinya, Tessa Lyle, bara ta gama irin karatun da muka ƙara ni da ke bayan aikin nas, wanda ke ba mutum damar duba mara lafiya da rubuta magani. An haɗa ta da ni in koya mata aiki na wata uku, a ƙarshe in rubuta ko ta iya ko ba ta iya ba. Ranar Talata mun fita duba tsofaffin da ba sa iya zuwa asibiti. Muna cikin mota muna cin soyayyiyar kaza ta gidan mai, sai ta ce:

"Mis Verlene, na san abin da suke biya na kaɗan ne, balle a gwada da naki. Kina ganin bayan shekara zan iya neman ƙari?"

Sai ta faɗi adadin. Haka kawai, bakinta duk maiƙo, kamar mai faɗin farashin fetur.

Corliss, saura kaɗan in zuba mu a rami. Abin da take kira kaɗan ya fi nawa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ni da na fi shekara goma a asibitin nan. Na ce mata, "Ke, wa ya koya miki faɗin albashi a fili?" Ta yi dariya ta ce su a ajinsu kowa ya san na kowa, mene ne abin ɓoyewa?

Kin tuna yadda Misis Pruitt take yi duk shekara? Ta kife takardar albashi a kan tebur, ta dafa miki hannu, ta ce, "Wannan tsakaninmu ne, kin ji? Kada sauran su ji haushi." Ni kuwa duk shekarun nan na ɗauka ni aka fifita, har tausayin sauran nake ji. Wannan ya fi kuɗin ƙona min rai.

Na san abin da za ki ce. Amma ke kin koma inda kike duba mara lafiya ki rubuta magani da ikon kanki. Mu nan ba ni da ikon rubuta ko ƙwaya ɗaya sai da takardar yarjejeniya wadda likita ya sa wa hannu, kuma tawa da Dakta Pruitt tana ƙarewa ƙarshen Maris. Babu wani likita a gundumar nan. In babu sa hannunsa babu aiki, in babu aiki babu inshorar lafiya, kuma maganin Alton na wata ɗaya ya fi kuɗin motarmu.  Tsoro nake ji, Corliss.

Ki huta lafiya.
Taki,
Verlene

*

Pueblo, Colorado
Janairu

Verlene sarauniyar haƙuri,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Alton. Ki ce masa har yanzu ina bin sa bashin kifin da ya yi min alkawari, kada ya fake da ciwo.

Na karanta wasiƙarki a tsaye, don na kasa zama. Shekara goma sha ɗaya ana dafa miki hannu ana yankar ki, kina cewa na gode! Ni ma haka na yi ta yi kafin in bar garin, shi ya sa abin ya fi ba ni haushi. A nan ko tallar aiki za a buga sai an rubuta abin da za a biya, kowa ya gani. Ranar da na fara ganin haka, kunya ta kama ni kamar na ga mutum ya fito daga wanka.

Saurara. Doka ba ta hana ma'aikata faɗa wa juna albashinsu ba, kuma ba a yarda a hukunta mutum don ya faɗa ba. Wancan "tsakaninmu" na Misis Pruitt dabara ce kawai. Kuma ki daina maganar kamar alfarma suke miki. Dakta Pruitt kwana biyu yake zuwa a mako, sauran yana bakin tafki da ƙugiyarsa. Wa ke ganin mutanen? Wa ya san sunan jikokinsu? In kika tafi, asibitin nan sai ya koma wurin ajiye tarakta.

Ki nemi ganawa da su biyun tare. Ki sa farar rigarki. Abu mafi muhimmanci, ki shiga da adadi a bakinki, ki faɗe shi kafin su faɗi nasu, sannan ki yi shiru. Kada ki cika shirun da ban haƙuri, na san halinki.

Ki rubuto min da labari mai daɗi.

Taki mai baki,
Corliss

*

Cedar Ferry
Fabrairu

Corliss,

Ina fatan kuna lafiya. 

Na yi yadda kika ce. Na sa farar rigar, na shiga ranar Alhamis, Dakta yana zaune yana cin gyaɗa, matarsa tana tsaye a bakin taga. A gida na shirya adadi nawa na kaina, har na yi ta maimaita shi a mota. Amma da Dakta ya ɗago ya ce, "To, Verlene, nawa kike tunani?" sai kaina ya zama fanko. Adadi ɗaya kawai ya rage a ciki, wanda ya yi makonni yana yawo a kunnena. Na Tessa. Na faɗe shi daidai, har da 'yan canjin da ke wutsiyarsa.

Shirun da kika ce in yi, su suka yi min shi.

Can Misis Pruitt ta ce, a hankali, "Abin mamaki. Wannan adadin kamar na san shi."

Dakta ya share hannunsa a wando ya ce za su duba. Da zan fita ban ma ga ƙofa sosai ba.

Kwana biyu ba wanda ya ce min komai. Ranar Litinin sai ga ta a ɗakina da fanke ɗin dankali mai zaƙi a faranti, da takardar da zan rubuta sakamakon gwajin Tessa. Ta ajiye su tare. Ta ce:

"Verlene, mu nan iyali ɗaya ne. Yarinyar da ba ta iya riƙe bakinta a kan albashi, yaya za ta riƙe sirrin marasa lafiya? Ni dai ina ganin ba ta dace da mu ba. Amma ke kika zauna da ita, ke za ki rubuta."

Na ce, "Ranki ya daɗe, aikinta ba shi da aibi."

Ta ce, "Ki dai yi tunani. Za a yi miki ɗan ƙari. Takardar yarjejeniyarki ma tana kan teburin Dakta, yana so komai ya daidaita kafin ya sa hannu." Ta kai bakin ƙofa ta juyo. "Yaya Alton? Kullum muna sa shi a addu'a a coci."

Kin gane ko? Su ba za su kore ta don ta faɗi albashi ba, sun san doka kamar yadda kika sani. Ni za su sa in rubuta cewa ba ta iya aiki ba, da hannuna, kuma wannan takardar za ta bi ta duk inda ta nemi aiki. Yarinya ce da ɗa ƙarami da bashin makaranta. Har yau ba ta san komai ba, jiya ma ta kawo min kofi.

Duk sanda wayar ofis ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Ki gaya min abin yi.

Verlene

*

Pueblo
Maris

Verlene, 'yar uwata,

Ina gaishe ki da Alton, Allah ya ƙara masa sauƙi.

Wannan ce wasiƙa ta uku, biyu na yaga. Ni na tura ki ɗakin nan, ina zaune a inda ba wanda zai taɓa ni. Ki yafe min.

Na yi waya da wata lauya da na sani. Ta ce abin da suke yi bai halatta ba, kuma za a iya kai ƙara. Na ce yaushe za a gama? Ta ce wataƙila shekara, wataƙila fiye. Na tambayi yadda za ki ci gaba da biyan inshorar da kanki in aiki ya tsaya, aka faɗa min kuɗin, sai da na nemi kujera. Na tambaya ko za a ɗauke ki a nan. Za a ɗauke ki, amma kafin a gama takardu Alton ya rasa zagaye ɗaya ko biyu na magani, kuma ke kin fi ni sanin abin da hakan ke nufi.

Don haka zan faɗi abin da ban taɓa zaton zai fito daga bakina ba. Ki rubuta abin da suke so. Ki sassauta shi, ki ce tana buƙatar ƙarin koyo. Tessa yarinya ce, za ta tashi. Alton ɗaya gare ki.

Na tsani kaina da na rubuta wannan, amma ina jin tsoro, Verlene, ni da kike ce wa mai baki.

Taki,
Corliss

*

Cedar Ferry
Maris

Corliss,

Na gode, kuma ban riƙe ki da komai ba. Kwana da kwanaki shawararki ce shawarata.

Ranar Asabar na baza takardar a teburin kicin, na rubuta "tana buƙatar", sai biron ya tsaya. Alton yana kan kujerarsa da bargo, ya ce me nake rubutawa nake huci kamar tsohuwar babbar mota? Na faɗa masa duka. Sai ya ce:

"Verlene, ke da ko a katin Kirsimeti ba kya iya rubuta wa ƙanwata cewa kin yi kewarta, don kin san ƙarya ce. In kika rubuta wannan, kullum za ki dube ni ki ga yarinyar nan. Ni kuma ba na son irin wannan kallon a gidana."

Na ce, "Kai ba ka tsoro?"

Ya ce, "Kamar in mutu. Miƙo min ruwa."

Na karɓo sabuwar takarda. Na rubuta cewa Tessa Lyle ta iya aiki, tana da lura, kuma zan yarda ta duba mijina. Na ba Tessa kwafi, na gaya mata abin da na jawo mata. Ta yi kuka, ni ma haka. Misis Pruitt ta karanta a gabana, ta ninke, ta ce, "To, shi ke nan." Tun daga ranar ba ta ƙara tambayar Alton ba.

Saura 'yan kwanaki wata ya ƙare. Ki yi mana addu'a.

Verlene

*

Ɗaya ga Afrilu

Corliss, gaisuwa.

Dakta bai sa hannu ba. Ba a kuma ce an sallame ni ba.

Na zo aiki da farar rigata. Tunda ba ni da ikon rubuta magani, na samu kujera a ɗakin jira cikin marasa lafiyata na zauna, a kan gwiwata nake rubuta miki wannan. Ɗakin ya cika har waje. Tessa tana ta gudu daga ɗaki zuwa ɗaki ita kaɗai. Tsoho Mista Mabry ya ce in sabunta masa maganin sukarinsa, na ce yau ba ni da iko. Ya tambayi dalili da ƙarfi, kin san ba ya ji sosai, ni kuma na ba shi amsa da ƙarfi. Kowa ya ji. Ya ce to zai jira ni, ya ɗora hularsa a gwiwa.

An yi wa Dakta waya. Yanzu ya shigo ta ƙofar baya da takalmin kamun kifi, bai dubi kowa ba. Alton yana da magani ranar Juma'a.

Misis Pruitt ta leƙo ta kira sunana. Akwai takarda a hannunta, ban san ko ta yarjejeniya ce ko ta sallama ba. Zan tashi in je, Corliss.

Taki,
Verlene